Tambayi Makanike: Golf ɗin da aka ƙera kaɗan, me ya raba ta da sauran?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaci ne a Samaru, na daɗe ina tara kuɗi don sayen Golf 5 GTI. Makon jiya na je Kaduna wurin wani dillali, na tarar da guda biyu a jere, launinsu ɗaya, shekararsu ɗaya. Ɗaya an rubuta mata Edition 30 a baya, kuma kuɗinta ya ɗara na ɗayar sosai. Dillalin ya ce wai kaɗan kamfani ya ƙera irinta. Na zagaya su sau uku ban ga bambanci ba in ban da wili da wannan rubutun. Akwai wani abu a cikinta, ko kuɗin rubutu kawai zan biya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin ka zaro kuɗinka. Idan motar ta gaskiya ce, akwai bambanci, kuma babba. Sai dai yana ƙarƙashin bonet ne, inda ko sau goma ka zagaya ba za ka gan shi ba.

Mu nan Zariya jakin hanya muka ɗauki Golf. Je Kwangila da asuba ka ga yadda ake danna wa Golf 3 buhunan barkono har but ya ƙi rufuwa, fasinja biyu a gaba huɗu a baya, ta kama hanyar Funtua ba ta ce uffan ba. Amma a Jamus, inda aka haife ta, tana da wata fuskar. A 1976 kamfanin Volkswagen ya ɗauki wannan ƙaramar motar iyali mai guntun baya, wadda but ɗinta yake ɗagawa sama haɗe da gilashi, ya sa mata inji mai ƙarfin doki 110, ya sa mata suna GTI. Nauyinta a lokacin bai wuce kilo 810 ba, saboda haka doki 110 ya ishe ta tashi kamar an tsikare ta. Guda 5,000 kawai suka yi niyyar ƙerawa. Jama'a suka yi mata caa, har ga shi yau ana kan ƙera GTI.

Da ta cika shekara talatin a 2006 sai suka fitar da Edition 30 don tunawa da haihuwarta, kuma ba su tsaya a fenti ba. GTI ta gama-gari a Golf 5 tana da ƙarfin doki 200, ita kuwa Edition 30 tana da 230. Kada ka raina talatin ɗin nan, domin yadda aka samo su shi ne labarin. Turbo ɗin GTI ta gama-gari shi ne wanda ake kira K03. Na Edition 30 kuwa K04 ne, wanda ya fi shi girma, irin wanda ke cikin Audi S3 ta wancan zamani. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana tura iska cikin inji da ƙarfi. Idan fankar ta fi girma, iskar ta fi yawa, dole man da za a fesa ya ƙaru, zafi ya ƙaru, matsi ya ƙaru. Shi ya sa suka canza nozul zuwa manya, suka ƙarfafa kayan cikin injin. Wato injin da aka gina don ɗaukar abin da ya fi 230 ne, aka rage masa. Inji irin wannan ba a wahale yake aiki ba, kuma makanike yana girmama shi.

Sau ɗaya ta gaskiya ta taɓa shigowa garejina a Sabon Gari. Wani Alhaji ya kawo ta saboda tana ɗan yin gardama idan aka taka ta. Muka gano wani ƙaramin ƙarfe ne mai kama da murfin kwalba, wanda ke tsakanin famfon mai da sandar da ke tura shi, ya cinye har ya kusa hujewa. Wannan ciwon gidan ne, yawancin injin Golf 5 GTI yana da shi, ka riƙe wannan ko wacce ka saya. Bayan mun canza, na fita gwaji bayan sallar asuba, na hau hanyar Kano lokacin titi ba kowa. A ƙasa-ƙasa, kafin allurar da ke nuna juyin inji ta kai 3,000, za ka ce ma ta gama-garin ta fi ta kuzari, domin babban turbo yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya cika. Amma da allurar ta haye, sai na ji kujera ta manne mini a baya, kuma ba ta saki ba har kusa da jan layi, daidai wurin da ta gama-garin take fara huci. Na ɗaga ƙafa tun kafin in yi nisa, domin ƙa'idar babban titi a ƙasar nan kilomita 100 ce a awa, kuma ita cikin daƙiƙa shida da ɗoriya take kai wa nan. Na dawo gareji na daɗe zaune a cikinta ban kashe ba, ina sauraron yadda injin yake numfashi.

To amma kama da wane ba ta wane. Bara waccan wani saurayi ya shigo mini da murna, ya sayo "Edition 30" a hannun wani dillali da ba zan kira sunansa ba. Akwai rubutu a baya, akwai jan zare a sitiyari, har kan giya mai kama da ƙwallon golf an sa mata. Na ce masa ya buɗe but. Muka ɗaga kafet, muka ciro safaya taya, ga farar takardar kamfani manne a jikin ƙarfe. Na haska tocila na karanta masa haruffan injin: BWA. Ya ce, "Baba, me ke nan?" Na ce masa injin GTI ta gama-gari ke nan. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe kai. Motar lafiyarta ƙalau, amma ya biya kuɗin abin da ba a ba shi ba, kuma abin ya yi mini ciwo, domin na san yadda ya sha wahala kafin ya haɗa kuɗin.

Saboda haka idan ka koma Kaduna, ka tafi da tocila da makaniken da ka yarda da shi. Haruffan injin Edition 30 su ne BYD. Na GTI ta gama-gari za ka ga AXX ko BWA. Ka duba takardar da ke ramin safaya taya, sannan makanikenka ya duba haruffan da aka buga a jikin injin kansa, domin a ƙasar nan ana sauke inji a ɗora wani ba tare da an gaya wa mai saye ba. Lambar shasi mai harafi 17 ita ma ta zama ɗaya a gindin gilashin gaba, a jikin mota da cikin takardun kwastan. A jona mata kwamfuta a karanta abin da kwamfutar injin take faɗi game da kanta. In giyarta mai canza kanta ce, wadda ake kira DSG, ka tambayi yaushe aka canza mata mai, domin duk kilomita 60,000 ake yi, kuma yawancin masu mota a nan ba su taɓa jin zancen ba. Dillalin da ya hana ka ɗaga kafet, ka yi masa sallama.

In duk sun yi daidai, ni a ganina ta cancanci ƙarin kuɗi, musamman da yake ita Edition 30 ba a cire mata komai ba: kujerun baya suna nan, esi yana nan, za ka ɗauki iyali ka kai su Shika ka dawo. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai, shi ne mai. An tsara injin nan da fetur mai lambar inganci 98, namu na gidajen mai kuwa ƙa'idarsa 91. Kwamfutar injin tana jin ƙwanƙwasar da raunin mai ke jawowa, sai ta ja baya don ta kare injin, wani ɓangare na dawakin da ka biya ya kwanta. Ka zaɓi gidan mai ɗaya mai amana ka riƙe, ka guji na bumburutu, kuma kada ka matsa mata da tsakar rana a watan Afrilu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Kongo. Na ga hoton wata Golf 7 a intanet wadda ba ta da kujerar baya, aka ce kuma ta fi mai kujera tsada nesa ba kusa ba. Yaya za a rage wa mota kaya sannan a ƙara mata kuɗi?

AMSA: Ɗana, ka taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah? Ka ga dokin da aka yi wa lifidi da kayan ado tun daga goshi har gindi. Kyakkyawa ne, amma ba mai kai shi sukuwa a haka. Dokin sukuwa ɗan ƙaramin sirdi ake ɗora masa da mahayi marar nauyi, kuma kiwonsa ya fi na kowane doki cin kuɗi. Motar da ka gani dokin sukuwa ce.

Sunanta Golf GTI Clubsport S, ta 2016. Guda 400 aka ƙera a duk duniya, kowacce da lambarta a rubuce a gaban giya, daga 001/400 har 400/400. GTI ta gama-gari a Golf 7 ta fito da ƙarfin doki 220, wannan kuwa 310, kuma duk ta tayoyin gaba yake fita. Ƙofa uku gare ta, giyar hannu kawai. An cire kujerun baya, an cire katakon da ke rufe but, an rage audugar da ke hana ƙara shiga ciki, an sa ƙaramin batir, an sauya ƙarfen da ke riƙe inji daga ƙasa da na alminiyam. Ko esi sai wanda ya nema ake sa masa.

Dalilin duk wannan wani titin gwaji ne a Jamus mai suna Nürburgring. Tsawonsa kilomita 20 da ɗoriya, kusan kwatan tafiyar Zariya zuwa Kaduna, amma ya ratsa daji da duwatsu, hawa da gangara, da kwana sama da 70. Kamfanonin mota suna kai motocinsu can su nuna wa juna iyawa. Clubsport S ta zagaya shi cikin minti 7 da daƙiƙa 49, wanda a lokacin babu motar da ake sayar wa jama'a mai ja da tayar gaba da ta taɓa yin haka. Ka lissafa da kanka: kusan kilomita 160 a awa ke nan a matsakaici, har da kwanonin.

A irin wannan wuri nauyi shi ne abokin gaba. Ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙen titi kawai yake amfani. Rage nauyi kuwa yana amfani a ko'ina: wurin tashi, wurin taka birki, wurin shan kwana. Duk direban da ya taɓa sauke lodi a kasuwar Giwa ya juyo wayam ya san yadda motarsa take sauyawa a hannunsa. Faransawa sun fi kowa yin nisa a wannan. Renault Mégane R.S. Trophy-R ta 2019, guda 500, ba a ƙara wa injinta ko doki ɗaya ba a kan 300 na ƴar'uwarta Trophy, amma an zare mata kilo 130, wato buhun siminti biyu da rabi har da ɗori. An sa mata shokazoba na kamfanin Öhlins wanda ake saitawa da hannu, da salansa na ƙarfen titaniyam. Ta zagaya Nürburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 40. Honda ma ta bi wannan hanya da Civic Type R Limited Edition, mai ruwan ɗorawa, wadda aka ƙera guda 1,020. Wadda aka kai Turai an cire mata esi da rediyo, an sa mata wili na BBS marasa nauyi, ta ragu da kilo 47, injin kuwa yana nan yadda yake.

Kuɗin da ake ƙarawa na waɗannan kayan ne, da na watannin da injiniyoyi suke yi suna saita sifirin, shokazoba da karkatar taya har motar ta riƙa bin hannun direba kamar ta san abin da ke ransa. Sannan idan za ka ƙera abu guda 400 kawai, kuɗin aikin a kan mutum 400 zai faɗa. Akwai kuma masu tara irin waɗannan motoci su ajiye, su ne suke hana farashinsu faɗuwa.

Ina son motocin nan har zuciyata, amma ba zan ɓoye maka ba, ba don titinmu aka yi su ba. Ɗauki taya kawai. Clubsport S tana hawa Michelin Pilot Sport Cup 2 a kan wili mai inci 19, kuma kaurin robar daga bakin wili zuwa ƙasa bai wuce yatsa huɗu ba. Na Golf 3 ɗin tasha ya ninka shi sau ɗaya da rabi, shi ya sa take faɗa wa rami ta fito tana tafiya. Wannan kuwa rami ɗaya mai kaifin baki a cikin Tudun Wada ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa wilin, kuma ba mai facin da zai ciro maka irinta. Zanen tayar ma kaɗan ne, don ta manne wa busasshiyar kwalta. A ruwan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a titi daga PZ zuwa Kofar Doka, sai ta riƙa yawo a kan ruwa kamar kwalekwale. Ga ta a ƙasa-ƙasa, duk tudun rage gudu sai ya gaisa da bambarta. Ka ƙara da zama cikin mota marar esi a cunkoson kasuwar Sabon Gari a watan Maris.

Wani abin kiyayewa ga duk mai mafarkin shigo da ita: 150 daga cikin 400 ɗin Ingila aka kai su, sitiyarinsu a dama yake. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyari a hagu. Juya sitiyarin irin wannan mota a gareji ɓata ta ne gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya dame ni in ba shi kuɗi ya kai GTI ɗinsa a taɓa mata kwamfuta a sa mata babban salansa, wai za ta koma daidai da ta musamman ɗin. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Gyallesu.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ana iya sauya lissafin kwamfutar inji ta ƙara ƙarfi, har ta kamo lambar da ke jikin ta musamman ɗin a takarda. Abin da bai gaya miki ba shi ne, kamfani idan ya ƙara ƙarfi yakan bi duk abin da ƙarfin zai ratsa ya gyara shi: kuloci, birki, sanyaya inji, taya. Masu taɓa kwamfuta a nan ƙarfin kawai suke ƙarawa su karɓi kuɗinsu, kuma yawancin lissafin da suke ɗorawa an rubuta shi ne don man Turai da sanyin Turai. Na sha ganin kuloci ya fara zamewa cikin ƴan watanni, na kuma ga fistin da ya narke a gefe. Babban salansa kuwa ƙara ce kawai, maƙwabta za su sha.

In kina son taimaka masa, ki ba shi kuɗin tayoyi huɗu masu kyau iri ɗaya, da birki na asali, da baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta. Zai ji motar ta canza fiye da yadda yake zato. Ki kuma gaya masa, daga bakina, titin Samaru da yamma cike yake da ɗalibai, ƴan acaɓa da masu Keke, ba wurin gwada inji ba ne.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a Wusasa, shekara ashirin ina tuƙa 504. Duk zancenku Golf ne. Fijo ba ta taɓa yin irin wannan ba?

AMSA: Ranka ya daɗe, ta yi, kuma tata ta fi ta kowa ban mamaki. Mu da muka tashi da 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975 mun san Fijo da juriya. A Faransa kuwa, a 1984, ta fitar da 205 GTI, ƙaramar mota mai guntun baya wadda har yau masana suke sa ta a sahun farko.

Amma wadda ta dace da zancenmu ita ce 205 Turbo 16. Dokar gasar tseren daji ta duniya a wancan lokaci ta ce ba za ka shiga rukunin da ake kira Group B da mota ba sai ka ƙera guda 200 irinta ka sayar wa jama'a. Sai Fijo ta ƙera 200 ɗin don cika sharaɗi. Daga nesa 205 ce. In ka matso sai ka ga an yi mata faɗi, in ka leƙa inda kujerar baya take sai ka tarar da inji zaune a wurin, kuma tayoyi huɗu duka suna ja, alhali 205 ta gama-gari injinta a gaba yake, tayar gaba ke ja. Kusan suna da fitilu ne kawai suka haɗa su. Da ita Fijo ta ci kambun duniya na kamfanoni a 1985 da 1986, direbobinta Timo Salonen da Juha Kankkunen, dukansu ƴan Finlan, suka ci na direbobi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1986 aka soke rukunin saboda haɗurran da suka ci rayukan direbobi da ƴan kallo.

Toyota ta farfaɗo da wannan al'ada a 2020 da GR Yaris. Yaris da muka sani motar zuwa kasuwa ce mai ƙofa biyar. Wannan kuwa ƙofa uku gare ta, rufinta na zaren kabon, ƙofofinta da bonet na alminiyam, injinta silinda uku mai turbo da ke ba da doki 261, tayoyi huɗu suna ja. A masana'antar Motomachi da ke Japan ake haɗa ta, a layi na daban.

Baba, idan hanya ta biyo da kai Sabon Gari ka tsaya garejina. Akwai hoton 205 Turbo 16 da na yanko daga wata tsohuwar kalanda tun ina yaron gareji, yana nan manne a bango saman akwatin sifana, an ɗaga bayanta gaba ɗaya ana ganin injin. Zan nuna maka inda turbo ɗin yake, kai kuma ka ba ni labarin 504 ɗinka.